Darasin da Aka Raba Gida Shida

A makarantar firamaren da na yi, ranar ba da sakamako ranar tonon asiri ce. Akan fito da mu fili a jera aji-aji, hedimasta ya hau dakali da takarda a hannu ya fara kira. Na ɗaya ya fito a tafa masa, a miƙa masa littafin rubutu biyu da biro. Na biyu, na uku. Daga nan sai a tsallake kowa a dira kan na ƙarshe, shi ma a kira sunansa, amma don a yi masa ihu. A ajinmu akwai wani yaro da ya riƙe wannan kambu zango huɗu a jere. Ba daƙiƙi ba ne. Daga ruga aka kawo shi wurin kawunsa, Fulatanci ne a bakinsa, Hausar ma tuntuɓe yake yi da ita balle Turanci. In malam ya nuna shi da tsinin bulala sai ya miƙe ya yi ta kame-kame, mu kuwa mun ɗaga hannuwa har muna tashi daga benci, muna kaɗa yatsu: "Ni malam! Ni malam!" Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne addu'ar da nake yi a zuci: Allah ya sa ya kasa, tambayar ta faɗo kaina. Na tabbata ba ni kaɗai nake yin ta ba. Muna aji biyar ya daina zuwa, babu kuma wanda ya tambayi dalili.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin muguntar yarinta. Sai bayan da ni ma na riƙe alli na ci karo da labarin wani farfesa Ba'amurke, Elliot Aronson, wanda ya shiga wani ajin firamare a birnin Austin na jihar Texas a 1971, ya zauna can baya, ya ga irin wannan ɗaga hannun da idonsa. Fassarar da ya yi wa abin ta saɓa wa tawa. A ganinsa yaran ba mugaye ba ne, ajin ne aka gina shi yadda faɗuwar wani ita ce tashin wani. Yara talatin, malami ɗaya, amsa ɗaya, yabo ɗaya. Me ake so su yi in ba su yi wa juna fatan tuntuɓe ba?

An haifi Aronson a 1932, ya tashi a Revere, wani garin masu ƙaramin ƙarfi a bakin teku kusa da Boston, a tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta cinye kantin mahaifinsa. Bayahude ne a unguwar da ba a ƙaunar Yahudawa. Ya sha ba da labarin yadda yaran unguwa ke tare shi da zagi da duka in ya taso daga makarantar addininsu da yamma, har ya koyi bin lungu. Yaro ne mai kunya, ba ya cikin masu ɗaga hannu. Da ya samu shiga Jami'ar Brandeis, ilimin tattalin arziki ya nufa, don ɗan talaka ba ya zaɓen karatu da sha'awa. Wata rana ya bi wata budurwa zuwa lacca don kawai ya zauna kusa da ita, sai ya tarar Abraham Maslow yana magana a kan ƙiyayyar jinsi. Tambayoyin da ya yi ta yi wa kansa yana share jini a baki tun yana yaro, ashe akwai fannin ilimi sukutum da ke bin sawunsu. Ya saki hannun budurwar ya ɗauki biro. Daga nan ya koma ilimin halayyar ɗan Adam.

Maslow mutum ne mai taushin zuciya da kyakkyawan zato ga bil'adama, amma ba gwanin gwaji ba ne. Wanda ya koya wa Aronson sana'ar da gaske shi ne Leon Festinger a Jami'ar Stanford, malamin da ɗalibai ke gudun ajinsa saboda kaifin harshe. Takardar farko da Aronson ya miƙa masa, ya mayar masa da ita babu ko ɗigon jan biro. Da ya nemi ba'asi, sai malamin ya nuna masa cewa aikin da mai shi bai ba shi muhimmanci ba, bai cancanci gyara ba. Ya koma ya sake rubuta ta. A karo na biyu Festinger da kansa ya tako ya kawo masa ita, ya shaida masa cewa yanzu ta isa a soke ta. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure mai tsanani ya san irin wannan yabon.

Festinger kuwa almajirin Kurt Lewin ne, kuma sai an san Lewin za a gane gidan da Aronson ya fito. Lewin Bayahuden Jamus ne da ya bar Berlin a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki. Mahaifiyarsa ba ta tsira ba. Mutumin da ya ga al'umma mai ilimi ta rikiɗe cikin 'yan shekaru, ba za ka gamsar da shi cewa hali zanen dutse ne ba. A Jami'ar Iowa, shi da Ronald Lippitt da Ralph White suka tara yara maza 'yan kimanin shekara goma a ƙungiyoyin sana'ar hannu na bayan makaranta. Wata ƙungiya suka ba ta shugaba mai kama-karya, wata mai shawara da yara, wata kuma wanda ya zuba musu ido kawai. Suka riƙa musanya shugabannin don a tabbatar salon ne ke aiki, ba mutumin ba. Sakamakon da suka buga a 1939 ya nuna cewa a ƙarƙashin mai kama-karya yara na aiki muddin yana tsaye, da ya fita sai a watsar da kaya, kuma a nan ne ake samun a taru a kan yaro ɗaya a mai da shi abin hucewa. Inda ake shawara kuwa, ko shugaba ya fita aiki na tafiya. Yaran nan dai su ne, iskar ɗakin ce ta sauya.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu nama ya yi ƙaranci a Amurka, gwamnati na son matan gida su fara dafa kayan ciki, irin su zuciya da ƙoda, abin da su a can suke ƙyama. Mu da ke layi a kan farfesun kayan ciki, wannan matsala sai ta ba mu dariya. Lewin ya gwada hanya biyu. Wasu matan aka yi musu lacca mai kyau a kan amfanin abincin da kishin ƙasa. Wasu aka bar su suka tattauna a tsakaninsu, suka ɗaga hannu gaban juna cewa za su gwada. Cikin waɗanda suka sha lacca kashi 3 cikin ɗari ne suka dafa. Cikin masu tattaunawa, kashi 32. A 1945 ya kafa cibiyar nazarin halayyar mutane cikin ƙungiya a jami'ar MIT, ya rasu a Fabrairun 1947 yana da shekara 56, cibiyar ta koma Jami'ar Michigan. Gadon da ya bari gajere ne a faɗe: wa'azi ba ya sauya mutum kamar yadda zaman da aka sa shi a ciki ke sauya shi.

Festinger ya ɗora nasa tubalin a 1957. Ya ce mutum ba ya iya zama da tunani biyu masu karo da juna a ƙirjinsa, dole ya lanƙwasa ɗaya. In na aikata abin da ya saɓa wa ra'ayina, kuma babu wanda ya tilasta ni, sau da yawa ra'ayin ne zai bi aikin. Aronson da abokinsa Judson Mills suka gwada wannan a 1959 da 'yan mata ɗaliban jami'a masu son shiga wata ƙungiyar tattaunawa. Wasu aka sa su karanta kalmomin batsa da ƙarfi gaban namiji kafin a karɓe su, abin kunya ƙwarai a wancan zamanin. Wasu aka sauƙaƙa musu. Sannan aka kunna wa kowa faifan tattaunawa ɗaya, wanda da gangan aka yi shi ya zama mai gundura. Waɗanda suka sha wuyar shiga su ne suka fi yaba shi. Wanda ya taɓa jin tsohon ɗalibin makarantar kwana yana kirarin makarantar da siniyoyi suka gasa masa aya a hannu, ya ga wannan gwajin a fili.

Abin lura a nan shi ne juyin da aka yi wa tunanin da kowa ya saba da shi. Mu dai mun ɗauka sai an gyara zuciya sannan hannu ya gyaru. Su suka ce a fara da hannun.

Shekarar 1954 ta tara abubuwa da yawa a wuri ɗaya. Ranar 17 ga Mayu Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brown cewa ware makarantun baƙar fata daban da na farare ya saɓa wa tsarin mulki, ta kuma ambaci binciken masana halayya, ciki har da na Kenneth Clark, wanda shi da matarsa Mamie suka nuna yadda yara baƙaƙe ke fifita farar 'yar tsana. A shekarar ne Gordon Allport na Harvard ya fitar da littafinsa a kan ƙiyayyar jinsi, inda ya yi gargaɗin cewa cuɗanya kaɗai ba ta isa ba, sai in ɓangarorin na matsayi ɗaya, suna da manufa ɗaya, suna aiki tare, kuma hukuma na goyon baya. A damunar shekarar dai, Muzafer Sherif, ɗan Turkiyya, da matarsa Carolyn suka kwashi yara maza 22 zuwa wani sansani a dajin Robbers Cave na jihar Oklahoma. Duka farare ne, addini ɗaya, ba su san juna ba. Aka raba su biyu, aka haɗa su gasa da kyautar da ɓangare ɗaya kaɗai zai ci. Kafin a ce kwabo an ƙona tuta, an fasa ɗakin kwana, an ba hammata iska. Aka gwada haɗa su cin abinci tare, suka mai da abincin abin jifa. Abin da ya kashe wutar shi ne matsalar da ta fi ƙarfin ɓangare ɗaya: ruwan sansani ya ɗauke, motar ɗauko abinci ta ƙi tashi, sai da suka haɗu suka ja ta da igiyar da a da suke gasar ja-in-ja da ita. A mota ɗaya suka koma gida, bisa zaɓinsu.

Kotu ta ji rabin maganar masana, ta bar rabi. An buɗe ƙofofin makarantu, a wurare da yawa ma sai bayan shekara goma sha biyar na jan ƙafa, amma babu wanda ya taɓa abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar aji. A Afrilun 1971 kotun ta amince a riƙa jigilar yara a motocin bas daga unguwa zuwa unguwa don a gauraya su. A Austin, inda Aronson ke koyarwa tun 1965 bayan ya ratsa Harvard da Minnesota, yaran farare da na baƙaƙe da na 'yan asalin Meziko suka tsinci kansu a aji ɗaya karo na farko. Cikin 'yan makonni faɗa ya kaure a farfajiya da baranda. Wani babban jami'in ilimi na birnin ya nemi Aronson ya zo ya duba.

Ya zo da ɗalibansa suka zauna suna kallo. Abin da suka gani shi ne duk sharuɗɗan Allport an karya su. Yaran da suka fito daga makarantun unguwannin talakawa an baro su a baya a karatu, wasu Turancin ma ba shi ne harshen gidansu ba. Aka jefa su tseren da an riga an san wanda zai ci. Yaron Bature na ganin ɗan Meziko ya kasa amsa sai ya ce ashe gaskiyar baba ce, daƙiƙai ne. Ɗan Mezikon kuma ya ce ashe gaskiya ne, masu girman kai ne. Cuɗanyar da aka kawo don ta zama magani, ita ke ƙara wa ciwon gishiri.

Dabarar da suka fito da ita ba ta buƙatar kwabo. Aka raba yaran aji biyar zuwa ƙananan ƙungiyoyi na mutum biyar ko shida, a gauraye. Darasin ranar, a ce tarihin rayuwar wani shahararren mutum, aka yanka shi gida shida: haihuwa da ƙuruciya, karatu, aure, aiki, da sauransu. Kowane yaro a ƙungiya ya karɓi yanki ɗaya, shi kaɗai ke da shi. Da farko duk masu riƙe da yanki iri ɗaya daga ƙungiyoyi daban-daban su taru gefe su tattauna, su gwada yadda za su bayyana shi. Sannan kowa ya koma ƙungiyarsa ya koyar. A ƙarshe a yi jarrabawa a kan darasin baki ɗaya, kowa da takardarsa da makinsa. Aronson ya sa wa tsarin sunan wasan nan na Turawa da ake yayyanka hoto a ce yaro ya harhaɗa, wato jigsaw, mu ce raba-darasi.

Akwai yaron da Aronson ya yawaita ba da labarinsa da sunan aro, Carlos. Ɗan asalin Meziko ne, Turancinsa da karkata, ya koyi cewa shiru shi ne mafakarsa, malamarsa ma ta daina kiransa don tausayi. Ranar farko da ya zo bayar da yankinsa ya yi ta in-ina, fuska ta yi ja. 'Yan ƙungiyarsa suka yi abin da suka saba, suka ce masa wawa, bai iya magana ba. Mai sa ido a kan ƙungiyar ba ta yi musu faɗa ba, ba ta ce su ji tausayinsa ba. Tunatar da su kawai ta yi cewa zolayar na iya yi musu daɗi, amma ba za ta koya musu wannan sashe na darasin ba, kuma jarrabawa na tafe. Nan ne wayon abin yake. Ba a roƙi kowa ya zama mutumin kirki ba. An dai sa son kai ya juya alƙibla. Cikin 'yan kwanaki yaran suka gane cewa in suna son maki sai sun iya tambayar Carlos a hankali, sun jira shi, sun taya shi fito da abin da ke bakinsa. Wanda ka saurara da kyau kuwa, wuya ne ka ci gaba da kiransa wawa. Ka tuna Festinger: hannu ya yi alheri, zuciya ta nemi dalili.

Bayan makonni takwas, ko da yake kaɗan ne daga lokacin karatu ake warewa don wannan tsarin, binciken Aronson da ɗalibansa ya nuna yaran sun fi son 'yan ƙungiyarsu, sun fi son makaranta, sun fi ganin kimar kansu, kuma makin yaran tsiraru ya tashi ba tare da na farare ya sauka ba. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na ɗalibarsa Diane Bridgeman. Ta nuna wa yara 'yan shekara goma jerin zane: wani yaro ya raka mahaifinsa filin jirgi yana baƙin cikin rabuwa, daga baya ma'aikacin gidan waya ya kawo masa ƙunshi, ya buɗe ya ga jirgin wasa, ya fashe da kuka. Sai ta tambaya: me ma'aikacin zai zaci ya sa yaron kuka? Yawancin yaran ajin gargajiya suka ce ai ya san jirgin ya tuna masa da babansa. Yaran da suka yi karatun raba-darasi suka fi gane cewa ma'aikacin bai je filin jirgi ba, don haka zai ruɗe ne kawai. Sun koyi shiga rigar wani su duba abin da bai sani ba.

To, da tatsuniya ce, da nan za a ce ƙurunƙus. An samu magani mai arha, an gwada, ya yi aiki. Littafin Aronson The Social Animal ya fito a 1972 ya zama abin karantawa a jami'o'i har gobe, na tsarin raba-darasi ya biyo baya a 1978, ƙungiyar masana halayya ta Amurka ta ba shi manyan lambobinta uku, na rubutu da na koyarwa da na bincike. Amma makarantun Amurka ba su juya ba. Malamai nan da can sun ɗauka, galibi a matsayin abin sauya yanayi ranar da aji ya gaji. Ginshiƙin ajin yana nan yadda yake.

Wanda ya hango haka tun kafin ta faru shi ne Seymour Sarason na Jami'ar Yale, wanda shi ma a 1971 ɗin ya fitar da littafi a kan al'adar makaranta da wuyar sauya ta. Sarason ya ce ka ƙaddara wani baƙo daga wata duniya yana shawagi a saman makaranta, ba ya jin harshen kowa, ido kawai gare shi. Me zai gani yana maimaituwa kullum? Zai ga babba ɗaya yana magana, ƙanana da yawa suna shiru. Zai ga babban yana jefa tambayoyi gommai cikin rabin awa, ƙananan kuwa da ƙyar su yi biyu. Ya kawo misalin sabon tsarin lissafi da aka shigo da shi bayan Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957: an sauya littattafai, an kai malamai bita, amma aka koyar da sabon lissafin daidai yadda ake koyar da tsohon. Hujjarsa ita ce duk gyaran da bai taɓa waye ke da iko a kan wa ba, tsakanin hukuma da hedimasta, hedimasta da malami, malami da ɗalibi, makaranta za ta haɗiye shi ta yi gyatsa. Malamin da ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, ta yaya zai tambayi na yaro? A 1990 ya sake fitar da wani littafin wanda sunansa ma ke cewa faɗuwar gyaran ilimi abu ne da ake iya hasashensa.

Shekarun da suka biyo baya sun gaskata shi. Rahoton gwamnatin Amurka na 1983 da ya ce ƙasa na cikin haɗari saboda lalacewar makarantu ya karkata hankali zuwa ma'auni da gasa. Dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa takwas, makarantar da ta gaza ta sha hukunci. Malamin da aikinsa ke rataye a wuyan maki ba zai ba yara awa guda su koyar da juna ba. Wani shirin auna ƙwazon malamai da Gidauniyar Gates ta jagoranta ya lashe kimanin dala miliyan 575, cibiyar RAND ta bincika ta ce a 2018 bai kawo ci gaban da aka sa rai ga ɗalibai ba. Ita kanta gaurayar da ta kai Aronson aji ta ja da baya. A kudancin Amurka, ɗaliban baƙar fata da ke makarantun da farare suka fi yawa sun kai kusan kashi 44 cikin ɗari a 1988, zuwa 2011 sun sauko 23.

A Afrilun 1999 wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a sakandaren Columbine ta jihar Colorado, suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a ranar. Ƙasa ta koma maganar na'urar gano ƙarfe da 'yan sanda a ƙofa. Aronson, wanda ya riga ya yi ritaya daga Jami'ar California ta Santa Cruz tun 1994, ya fitar da ɗan littafi a 2000 yana cewa a duba zaman ajin da ke raba yara zuwa 'yan gata da abin tsokana. Maganar 1971 ce ya maimaita, ga mutanen da ba su ji ta farko ba. A daidai lokacin ne ciwon ido ya kama shi, ya cinye masa yawancin gani. Bai ajiye alƙalami ba. Da kwamfuta mai karanta masa rubutu da taimakon abokiyar aikinsa Carol Tavris suka fitar da littafi a 2007 a kan yadda mutane ke kare kuskurensu maimakon su amsa shi.

Wannan littafin ya zo wa fannin nasa a kan gaɓa, don ba a daɗe ba aka fara tone-tone. A 2015 gungun masana suka sake yin gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallun ilimin halayya, 36 kacal suka ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko. A 2018 marubuciya Gina Perry ta fito da yadda Sherif ya taɓa yin irin gwajinsa a 1953 ya watsar, saboda yaran sun gano ana haɗa su faɗa ne suka ƙi, da kuma yadda ma'aikatan sansanin 1954 suka riƙa hura wutar. Shi ma raba-darasi bai tsira ba. Wani bincike a Norway a 2008 bai ga ya gyara dangantakar ƙabilu ba. Gwaje-gwaje biyar a makarantun Faransa da aka buga a 2022 ba su ga ya ɗaga maki fiye da koyarwar da aka saba ba.

Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin rushewar gini ba. An rage masa tsawo ne. Kuma abin da ya sa nake faɗin haka a gidanmu aka yi shi. A Kaduna, garin da rikici ya raba shi har kogi ya zama iyaka, wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, suka ɗauki samari Musulmi da Kirista 849 daga unguwannin da suka fi shan rikici. Ta hanyar ƙuri'a wasu suka samu koyon kwamfuta na makonni 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a aji na addini ɗaya. Sakamakon da suka buga a 2018 ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni kunya. Da aka tambayi samarin ra'ayinsu game da ɗaya ɓangaren, babu abin da ya sauya, zargin da suka shigo da shi da shi suka fita. Amma da aka ba su kuɗi a hannu aka ce su raba da wani, waɗanda suka zauna a gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya rage nuna bambanci. Da aka duba da kyau kuma, sai aka ga babban abin da ya faru shi ne zaman 'yan gida ɗaya su kaɗai yana ƙara musu fifita nasu. Baki bai sauya ba, hannu ya ɗan sauya. Mu da muka kafa hidimar ƙasa a 1973, muka yawaita kwalejojin haɗin kai bayan yaƙin basasa, duk a kan zaton cewa in an kwana ɗaki ɗaya za a so juna, ya kamata mu karanta wannan da natsuwa. Lewin da jikokinsa na ilimi sun yi gaskiya cewa zama na juya aiki. Inda suka yi gaggawa shi ne zaton zuciya za ta biyo a guje.

Na gwada raba-darasin da kaina sau ɗaya, a wata ƙaramar sakandare da na koyar da darasin zamantakewa. Yara 83 ne a ajin, bencina a haɗe da tebura ba sa juyuwa, littafin darasin kuwa kwafi ɗaya ne, nawa. Na kwana ina kwafe babi guda da hannu a takardu, na yanka gida shida, na fitar da yaran ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Rana ta farko hayaniya ce zalla, masu ƙoƙari suna fizge takardun marasa ƙoƙari su karanta da kansu, sai da na hana. A mako na uku na ga wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba tun farkon shekara, ta dafa takardarta da tafin hannu, tana ce wa wani sarkin surutun aji, "Ka bari in gama mana." Ya kuwa bari. Har ya ce ta maimaita masa na ƙarshen.

Mako na biyar mataimakin shugaban makaranta ya kira ni ofis. Cikin mutunci ya yi maganar, ya ce, "Malam, surutun ajinka na hana maƙwabta karatu, kuma na duba littafin tsarin aikinka, kana baya da babi biyu. Masu duba makarantu na tafe." Ba ƙarya ya yi ba. Na mayar da yaran kan benci, na koma allo, hannuwa suka koma sama. Da ƙarshen zango ya zo aka miƙo mini katunan sakamako, kowanne da gurbin matsayi a samansa. Da hannuna na cike su, tun daga na ɗaya har na tamanin da uku.